Sifikar Tsakiya: A Kwance Ko A Tsaye?

Tambaya: Malam, na haɗa kayan sautin silima a falona, sifika biyar da sabwufa ɗaya, wato akwatin da ke fitar da sauti mafi kauri. Ta tsakiya doguwa ce, tana kwance ƙarƙashin talabijin, da wufa biyu (manyan bakuna masu fitar da sauti mai kauri) a gefe da gefe, tuwita (ƙaramin baki mai fitar da sauti mai kaifi) a tsakaninsu. In na zauna a tsakiyar kujera magana tana fita tar, amma duk wanda ya zauna a gefe sai ya ce a ƙara murya. Wani abokina ya ce in tayar da ita tsaye. Da gaske kwanciya ko tsayuwar akwati tana canza sauti, ko dai faɗa ce kawai?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka bai yi ƙarya ba, kuma mai zama a gefen kujera ba kurumta ke damunsa ba. Abin da yake ji daban ne da abin da kake ji, ko da yake sifika ɗaya kuke saurare. Amma kafin ka ɗaga akwatin ka tare rabin allon talabijin da shi, bari mu ga inda gizo ke saƙar, don mai yiwuwa maganin da ya dace da ɗakinka wani ne daban.

Ka riƙe wannan ƙa'ida, komai a kanta ya rataya: idan aka jera bakunan sifika biyu ko fiye suna fitar da sauti iri ɗaya, to sautin yana tsukewa ta ɓangaren da aka jera su, ya baje ta ɗaya ɓangaren. In jerin daga sama zuwa ƙasa ne, sauti zai baje hagu da dama, matsalar ta koma sama da ƙasa. In ka kwantar da jerin, ka juya lamarin gaba ɗaya, sauti ya baje zuwa silin da daɓe inda babu kunnen kowa, matsalar kuma ta kwanta a kan layin kujera, daidai inda mutane ke zaune.

Dalili kuwa tazara ce. Sauti yana tafiya a iska da gudun kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari, kuma tsawon kowace igiya ya danganta da kaifin sautin. Sautin da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa, wato 1,000 Hz, tsawon igiyarsa santimita 34 ne. Na 2,000 Hz santimita 17. Yanzu ka dubi akwatinka. Kai da ke tsakiya, nisan kunnenka daga wufar hagu daidai yake da nisansa daga ta dama. Igiyoyin biyu suna isowa tare, tudu ya hau kan tudu, sauti ya ƙaru. Wanda ya gusa gefe kuwa ya fi kusa da wufa ɗaya. Sautin ta nesa yana isowa a makare. In makarar ta kai rabin tsawon igiya, tudun wannan sai ya faɗa cikin kwarin waccan, su kashe juna. Ba duk sautin ne ke mutuwa ba, wani yanki ne kawai ake yi wa giɓi, kuma inda giɓin zai faɗa yana sauyawa da kowane taku da ka yi zuwa gefe.

Ɗauko awon tela mu lissafa. Auna daga tsakiyar wufa ɗaya zuwa tsakiyar ɗaya. A ce ka samu santimita 40, wanda ba baƙon abu ba ne a irin waɗannan akwatunan. A ce kujerarka tana mita 3 daga sifikar, mai ƙorafin kuma yana zaune mita 1 daga tsakiya. Nisansa kai tsaye daga sifikar kusan mita 3.16 ne. Bambancin tafiyar igiyoyin biyu shi ne 40 sau 1, a raba da 3.16, ya ba ka kimanin santimita 12.6. Sai ka raba 17,150, wato rabin gudun sauti a santimita, da wannan adadi, ka samu wajen 1,360 Hz. A nan giɓinsa yake. Wanda ya ƙara matsawa gefe har kusurwar ta kai digiri 30, nasa giɓin ya sauko kusan 860 Hz. Wanda ya ɗan gusa kaɗan, digiri 10 kacal, nasa yana wajen 2,470 Hz.

Waɗannan lambobi ba su faɗa a banza ba. Daga wajen 1,000 zuwa 4,000 Hz nan ne kunne yake tsintar abin da ke bambanta kalma da kalma. Kaurin murya yana can ƙasa, shi ya sa mai zama a gefe yana jin cewa ana magana. Amma ɗan abin da ke raba "ba" da "da" da "ga" yana cikin yankin da aka ɓalle masa. Yana jin murya, ba ya kama zance. Sai ya ce a ƙara, kai kuma ka ƙara, fashewar bam da kiɗa su tashi tare da muryar, giɓin yana nan inda yake. Kowa ya ji haushi.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya kamata ka sani. Kashe junan yana faruwa ne kawai a yankin da wufofin biyu ke aiki tare. Cikin kowace sifika akwai matata, wadda masu gyara ke kira kurosoba, da ke yanke sauti mai kaifi daga wufa ta miƙa wa tuwita. A sifika mai hawa biyu irin taka, wato wufa da tuwita kawai, yawanci ana yankewa ne tsakanin 2,000 da 3,000 Hz. Sama da wurin yankan tuwita ce kaɗai ke magana, ba ta da abokiyar faɗa. Saboda haka abubuwa biyu ne ke nuna ko akwati zai yi muni a kwance: faɗin tazarar wufofin, da tsayin wurin yankan. Mai tazarar santimita 40 da yanka a 2,500 Hz, giɓi yana fara shigowa tun a digiri 10, wato ɗan abin da ya haura rabin mita daga tsakiya in kana nisan mita 3. Mutumin da ke kafaɗa da kafaɗa da kai ke nan. Ƙaramin akwati mai tazarar santimita 25 da yanka a 2,000 Hz kuwa sai an kai digiri 20, sama da mita ɗaya zuwa gefe. Abin mamaki a nan shi ne sau da yawa ƙaramar sifikar tsakiya ta fi ƙatuwa mai tsada adalci ga masu zama a gefe, in dai duk tsarinsu ɗaya ne.

Kada kuma in zuzuta abin fiye da kima. A ɗakin gwaji marar amsa-kuwwa giɓin yakan yi zurfi sosai, ya wuce 10 dB, wanda kunne ke ji kamar an rage ƙarfin wannan yanki da rabi. A falo na gaske bango da silin suna dawo da sauti ta wasu kusurwoyi, su ɗan cike ramin. Shi ya sa ba a jin shiru, sai dai murya ta dushe kamar mai magana ta bayan labule. Sai dai sautin da bangon gefe ke dawowa da shi ma daga wancan gurguntaccen ɓangare ya fito. Aikin da masanin sauti Floyd Toole ya yi shekara da shekaru, a Kanada sannan a kamfanin Harman, ya nuna cewa masu saurare sun fi son sifikar da sautinta na gefe ya yi kama da na gaba. Ke nan ko kai da ke tsakiya ba ka tsira gaba ɗaya ba, domin wani kaso na abin da ke shiga kunnenka daga bango ya dawo.

To me ya sa ake ƙera ta haka? Amsar ba ta sauti ba ce, ta kayan ɗaki ce. Wannan jeri na wufa, tuwita, wufa, wanda ake taƙaitawa da MTM, an fi danganta shi da Joseph D'Appolito, wanda ya gabatar da bayaninsa a 1983. A tsaye ya tsara shi. Manufarsa ita ce sautin ya fito daidai wa daida sama da ƙasa da tuwita, ya baje hagu da dama. A tsaye tsari ne mai kyau ƙwarai, har ma yana rage abin da ake watsawa silin da daɓe. Da tsarin sautin silima na Dolby Pro Logic ya shigo gidaje a 1987 da layin tsakiya, wato layin sauti na musamman ga sifikar tsakiya, sai aka rasa inda za a ajiye sifika ta uku, domin talabijin ya riga ya zauna a wurin. Mafita mafi sauƙi ita ce a kwantar da akwati a samansa ko a ƙarƙashinsa. Wufa biyu a gefe da gefe suna da kyan gani, suna ƙara ƙarfi, akwatin kuma ya zama siriri. Ido ya gamsu, aka ci gaba da sayarwa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne an ƙirƙiri layin tsakiya ne musamman domin mai zama a gefe. Tun a 1933 injiniyoyin cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka yi gwajin aika kiɗa ta layi uku daga Filadalfiya zuwa Washinton, kuma sun ga amfanin layi na tsakiya wajen tsayar da sautin da ke tsakiyar dandali. In sifika biyu ce kawai, murya tana zama a tsakiya ne ga wanda ke daidai tsakiyarsu. Da ya gusa, sai muryar ta bi shi ta koma sifikar da ta fi kusa, domin kunne yana bin sautin da ya fara isowa. Ta tsakiya ita ke kafe murya a jikin allo ga kowa. A gidan silima ana ajiye sifika uku iri ɗaya, a tsaye, bayan allo mai ƙananan huda da sauti ke ratsawa. A gida kuwa muka ɗauki sifikar da aka yi domin na gefe, muka ba ta siffar da ta fi cutar da na gefe.

Yanzu ga shawarar abokinka. Ka gwada, babu abin da zai lalace. Sifika irin wannan ba ta damu da tsayuwa ko kwanciya ba, sai dai ka tabbata ba za ta kife ba. Ka jingina ta a tsaye a kan ƙaramin teburi gaban talabijin na tsawon dare ɗaya, ko da ta tare hoto, ka sa tuwitar ta zo kusa da tsayin kunnen mai zaune. Ka nemi sautin gwajin da ke cikin risibarka, wato na'urar da ke raba sauti ga sifikun, wannan shuuu mai kama da rediyon da ya rasa tasha, ka tura shi ta tsakiya kaɗai. Da farko a kwance: ka rufe ido, ka zame daga wannan ƙarshen kujera zuwa wancan a hankali. Za ka ji launin shuuu ɗin yana juyawa, kamar ana buɗe bakin tulu ana rufewa. Sannan ka tayar da ita ka maimaita. Yawanci za ka ji launin ya tsaya cik daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Sai ka miƙe tsaye ka sake zama, ka ji juyawar ta dawo ta can. Ba ta ɓace ba, wuri ta sauya. Tunda ba a kallon fim a tsaye, an ci riba.

Wahalar ita ce akwati mai tsawon santimita 50 ko 60 ba ya shiga ƙarƙashin talabijin a tsaye sai an ɗaga allon har wuya ya ƙage. Masu majigi da allo mai huda su ne suka huta, su sa uku iri ɗaya a tsaye a baya, magana ta ƙare. Ga mai talabijin, abin da na fi ba da shawara, kuma mutane suka fi ƙi saboda ido, shi ne ƙaramar sifika guda ɗaya irin wadda ake ɗorawa a kan kanta, mai wufa ɗaya da tuwita a samanta, irin na hagu da damanka in zai yiwu, a tsaye ƙarƙashin allo. Tsayinta yawanci wajen santimita 30 ne. Ba ta da wufa ta biyu da za ta yi faɗa da ita, kuma muryar da ta taso daga hagu ta ratsa tsakiya zuwa dama ba za ta sauya launi a hanya ba. Ka saita ta a matsayin ƙarama cikin risiba, ka yanke ta a 80 Hz, sabwufa ta ɗauki nauyin bes.

Amma kada ka ɗauki wannan ƙaramar ka kwantar da ita, kana ganin ka yi dabara. Ita ma tana da nata yankin da wufa da tuwita ke haɗuwa, a daidai wurin yankan. A tsaye wannan rikici yana sama da ƙasa. In ka kwantar, ya dawo kan kujera, kuma a karkace, na zaune ta ɓangaren tuwita yana jin abu ɗaya, na ɓangaren wufa yana jin wani. Ya fi sauƙi a kan na wufa biyu masu nisa, domin yankin ƙunci ne, amma ba kyauta ba ne. Abin ya fi tsanani in tuwitar mai kakaki ce, wanda aka ƙera ya baje hagu da dama ya tsuke sama da ƙasa, ko kuma doguwar tuwita mai kama da ribon. Irin waɗannan in ka kwantar da su ka mayar da faɗinsu tsaye. Wasu kamfanoni suna yin kakakin yadda za a kwance sukurori a juya shi, ka duba takardar da ta zo da naka.

In dole sai akwati a kwance, kuma kana da niyyar sauyawa, akwai tsari biyu da suka magance abin tun daga tushe. Na farko mai hawa uku ne: tuwita a sama, ƙaramin bakin matsakaicin sauti a ƙarƙashinta, su biyun a tsakiya, wufofi a gefe. Yankin magana duk yana fitowa daga wannan ɗan jeri na tsaye, wufofin kuma an yanke su can ƙasa, misali a 400 Hz. Igiyar 400 Hz ta kai santimita 86. Ko tazarar wufofin ta kai santimita 45, sai ka koma wajen digiri 70 kafin su kashe juna, kuma babu mai kallon talabijin daga can. Na biyu shi ne wanda aka dasa tuwita a cikin tsakiyar wufa, kamar yadda Tannoy ke yi tun shekarun 1940, KEF kuma da nata Uni-Q tun 1988. Tunda daga wuri ɗaya sautin ke fita, kwanciya da tsayuwa kusan duk ɗaya ne. Akwai kuma masu wufa biyu da aka yanke ɗaya tun da wuri don kada ta shiga yankin magana. Yana taimakawa, amma daga waje ba za ka gane ba sai ka karanta bayanin akwatin.

Wani abu da ba zai yi maka aiki ba shi ne gyaran ɗaki na atomatik, wato tsarin da ke cikin risiba mai auna sauti da makirfo ya daidaita shi, irin su Audyssey da Dirac da YPAO. Na taɓa ɓata yamma guda a gidan wani da na haɗa wa kaya, ina matsar da makirfo daga kujera zuwa kujera, ina ɗaga 1,500 Hz ina saukewa. In na gyara wa matarsa da ke gefe, sai muryar ta yi masa tsini a tsakiya kamar ana magana ta hanci. In na gyara masa, ta koma gidan jiya. Laifina ne, domin na san lissafin, na dai ƙi yarda ne. Injin yana iya canza abin da ke shiga sifika, ba ya iya canza nisan kunne daga wufa biyu. Duk ƙarfin da ka ƙara wa wufar hagu ka ƙara wa ta dama, su sake kashe juna da sabon ƙarfi. A ƙarshe kujerar muka ja baya, muka matso da mazaunin gefen ciki. Nisa yana rage kusurwa: mita 1 a gefe daga nisan mita 2 digiri 27 ne, daga nisan mita 4 kuwa digiri 14.

Kafin ka kashe ko sisi, akwai wani ɓangaren fuskantarwa da ake mantawa da shi, kuma sau da yawa shi ne rabin ciwon. Ina sifikar take kallo? Na sha shiga falo in tarar da ita a kan kanta mai tsayin santimita 50, tana harbin gwiwoyin mutane. Kunnen mai zaune yana wajen mita 1 daga ƙasa. Daga nisan mita 3, bambancin ya kai digiri 9 zuwa 10. In zurfin akwatin santimita 25 ne, ɗaga gabansa da santimita 4 ya isa. Robar tokare ƙofa guda biyu suna yin aikin, kuma suna hana akwatin kaɗa katakon da yake kai. Ka ɗora tocila a saman akwatin ka haska, in hasken ya sauka a fuskar mai zaune, ka dace. In a saman talabijin take, sai ka sunkuyar da ita.

Sannan ka jawo ta gaba har fuskarta ta zo daidai bakin kantar, ko ta ɗan leƙo. In ta nutse ciki, katakon da ke gabanta yana dawo da sauti nan take, ya gauraya da na asali, ya haifar da irin giɓin da muke gudu. In kuma a cikin rami take, mai bango hagu da dama da sama, ramin yana ƙara wa muryar maza wani kumburi kamar daga cikin ganga, musamman in akwatin yana da hudar iska a baya. Teburin gilashi da ke tsakanin kujera da talabijin shi ma madubin sauti ne, kuma ka tuna sifikar da ke kwance ta fi watsa sauti sama da ƙasa. Ka ɗauke shi na minti biyar ka saurara, ko ka shimfiɗa masa bargo, ka ji bambanci da kunnenka.

Kada tsayi ya tayar maka da hankali sosai. Kunne ya ƙware wajen gane hagu da dama, amma yana da rauni wajen gane sama da ƙasa, ido kuma yana jan murya zuwa bakin da yake gani yana motsi. Muddin tuwitar tsakiya ba ta yi nisa ainun da tsayin na hagu da dama ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗinke sauran.

A naka ɗakin, tunda ka ce kullum akwai masu zama a gefe, ga yadda zan bi abin. Ka fara da awo: tazarar wufofin, nisan kujera, da nisan mazaunin gefe daga tsakiya. In lissafi ya nuna giɓin yana sama da wurin yankan sifikarka, to ba kwanciyar ce babbar matsalarka ba, ka koma kan ɗagawa da jawowa gaba da teburin. In ya faɗo ƙasa da wurin yankan, kamar yadda nake zato daga bayaninka, ka yi gwajin tsayuwar nan, amma mai ƙorafin za ka zaunar a mazauninsa ya yi hukunci, ba kai ba. Ka zaɓi wuri a fim inda mutum biyu ke magana ƙasa-ƙasa, ka bar murya a lamba ɗaya, ka kunna masa sau biyu. In ya ce yanzu yana kama zancen, sai ka zaɓa tsakanin ɗaga talabijin kaɗan don ƙaramar sifika ta tsaya a ƙarƙashinsa, ko sauya akwatin da mai hawa uku. In kuma wata rana kai kaɗai ne mai kallo, daga tsakiyar kujera, ka bar ta a kwance yadda take, robar tokare ƙofar ta ishe ka.